'Yan Kallo Ma Abin Kallo Ne

Wanda ya biya kuɗin ƙofa a Gure don ya ga wasa guda, an yi masa gyara bai sani ba, domin biyu zai gani. Akwai na kan dakali, wanda aka yi makonni ana bitarsa, ana faɗa a kan wa zai fito a Alhaji, wa zai fito a bara. Akwai kuma na kan benci da tabarma da bisa katanga. Wannan ba a taɓa yin bitarsa ba, amma kowane ɗan wasa a cikinsa ya san abin da zai faɗa da lokacin da zai faɗe shi.

Na kan dakalin yana da asali. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 ya farfaɗo da samariya, aka kafa bikin matasa na ƙasa, aka fara shi a Damagaram a 1976, sannan ya riƙa zagaya manyan garuruwa. Gasar daga ƙasa take tasowa: gunduma ta kara da gunduma, waɗanda suka tsira su wakilci jiha. Akwai tiyatar, akwai waƙa, akwai bale, inda ƙafa da ganga ke ba da labari. Daga baya finafinan Kano suka shigo da nasu salon, samari da 'yan mata suka ɗauke shi suka hau dakali da shi da sunan dandalin soyayya. Yau idan wata ƙungiya ta sauka a Gure daga Damagaram, bayan ta sha wajen kilomita 160 a kan hanyar Difa, ko kuwa 'yan lakwal suka shirya nasu na ƙarshen shekara, gaurayen duka za ka gani. Za a yi wa yarinya auren dole da Alhaji, saurayinta ya tafi Libiya neman kuɗin aure, kuma duk inda magana ta yi zafi sai a ajiye ta a ɓarke da waƙa.

Takardar sanarwa ta ce ƙarfe takwas. Mutumin da ya gaskata takarda yawanci sabon ma'aikaci ne da aka turo daga Yamai bai cika wata ba. Ya zo takwas saura kwata da tikensa a hannu, ya tarar da yara suna jan benci, wani yana hura makirfo yana “alo, alo”. Ba a gaya masa ba cewa a nan kujerun gaba ne ke buɗe wasa. Kujeru ne masu hannu da katifa, an aro su daga falon wani, kuma muddin babu kowa a kansu, ganga ba za ta tashi ba. Mai su shi ne Baƙon Girma. Ba ya zuwa da wuri, don in ya zo fili bai cika ba, wa zai miƙe masa? Sai wajen goma saura fitilar motarsa ta haska katanga, mai gabatarwa ya jero muƙamansa, har da waɗanda ya bari tun gwamnati biyu da suka wuce. Ya yi jawabi da Faransanci, a juya shi da Hausa, a sake juya shi da Barbarci, jawabin yana ƙara tsawo a kowace tasha. Ya zauna, ya ga waƙar farko, ya yi tafi da yatsu biyu, wayarsa ta yi ƙara, ya tafi. Daga nan har a tashi yara ne ke satar zama a kujerar ana korarsu.

Bayan kujerun gaba kaɗan, inda murya za ta kai kowa, nan Tsohon Ɗan Samariya ke zama. Shi na fi so, kuma shi ya fi wuyar zama kusa da shi. Ya yi rawa a zamanin Kunce, kuma a ganinsa tun da Kunce ya rasu a 1987 ba a sake ɗaga ƙafa daidai ba a ƙasar nan. Yana zuwa kowane wasa ba fashi, ya biya kuɗinsa, don ya ƙara tabbatarwa. Da 'yan rawa sun fito a layi sai ka ji tsaki.

“Dubi wancan na uku. Da hagu ake farawa, ya fara da dama. A zamaninmu da sarkin samari ya sa shi sharar filin nan har sati ya zagayo.”

In ka yi kuskuren waiwayowa ka kalle shi, ka saya. Zai kama hannun rigarka ya hau da kai bayan kamiyo zuwa Damagaram, su da gangunansu da ƙullin gumba, ya gaya maka yadda alƙalan gasa suka cuce su da maki guda, don in ji shi ɗaya daga cikinsu matarsa 'yar Magarya ce. Zai tambaye ka ko ka taɓa ganin Yazi Dogo ido da ido, ba a Tele Sahel ba, kafin ka buɗe baki ya amsa maka cewa ba ka gani ba. Zai rantse Ma'azu Ɗan Alalo bai taɓa buƙatar lasifika ba. Sannan ya sauko kan Malam Maman Barka, wanda shi nasu ne, ɗan Taskar tun Taskar tana ƙarƙashin Gure: malamin lakwal da ya ɗauki gurmi, daga baya ya tafi bakin Tafkin Cadi ya koyi biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar, ya kai shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018. A nan kam gaskiya yake faɗa, kuma muryarsa takan yi laushi. Sai dai ba ta daɗewa, don a daidai lokacin ne yaron da ke kan piyano zai danna wani maɓalli, ganga ta fito daga cikin na'ura ba tare da an taɓa fata ba.

“Ka ji ko? Ganga ba makaɗi. Alƙiyama ta kusa.”

In ka leƙa ƙarƙashin benci kuwa, ƙafarsa ta hagu tana can tana tonon rairayi tun da aka fara, kuma da kiɗan na'urar take tafiya.

Gure gari ne na Mangawa da Dagirawa, ga Tubawa, ga Fulani da Buzaye, ga Hausawa 'yan kasuwa. Hausar ciniki kusan kowa yana ji, amma Hausar waƙa mai habaici da karin magana wata aba ce daban, kuma wannan giɓin ne ya haifi Mai Fassara. Ba wanda ya naɗa shi. Ya zo ne da kakarsa da baƙinta da suka iso daga Kelle ko Bune, ya zauna a tsakiyarsu yana juya musu wasan da Barbarci. Da farko yana biye da 'yan wasa a baya. Kafin a kai tsakiya ya wuce su, don ya leƙa bita shekaranjiya. Ana cikin makokin saurayi da aka ce ya ɓata a hamada, jarumar tana birgima, sai ka ji shi: “Kada ki damu, iya, bai mutu ba, da mota zai dawo.” Layi uku sun ji, an yi masa ca, ya ce shi da kakarsa yake.

Yana da nasa ma'auni. Waƙar da ta ci minti bakwai, da amshi da juyi da durƙuso, sai ya taƙaita ta:

“Ta ce tana son sa.”

“Duk wannan?”

“Duk.”

Amma in Alhaji ya yi tari sau ɗaya, sai ya yi masa sharhi mai tsawo har da asalin dukiyarsa, wanda ko mai shirya wasan bai sani ba. Duk wawan da ya fito kuma, Mai Fassara zai sanar da kakarsa da ƙarfi cewa Bafulatani ne. Ba don ita yake faɗa ba, don Bafulatanin da ke tsaye bayansa ne, ya jingina da sanda. Shi ko ba ya gaggawa. Sai wawan ya ƙara yin wata wautar, sannan ya ce, “Bari wuta ta haska kumatunsa mu ƙirga zanen.” Wasan Barebari da Fulani ya girmi dakalin, kuma tun 2014 UNESCO ta sa irin wannan barkwancin na Nijar a jerin al'adun gado na ɗan'adam. Su biyun ba su sani ba, kuma gara haka, don da sun sani da ba mai jin 'yan wasa.

Can gefen mata, a kan tabarmar da ta zo da ita daga gida, ga Inna. Goro a ƙulle a bakin zane, takalma a ƙarƙashin cinya don kada su yi ƙafa. Kada ka zaci ruɗewa take yi. Ta san wasa ne. Ta san wanda ya fito a Alhaji yaron nan ne mai faci a bakin tasha, ta san tumbin matashin kai ne, gemun kuma auduga ce da aka manna da ƙaro. Sanin bai hana komai ba. Da uban yarinya ya miƙa hannu ya karɓi buhun shinkafa, Inna ta miƙe a kan gwiwoyinta.

“Allah wadai! 'Yar taka za ka sayar a kan buhu guda?”

Da jarumar ta nufi ɗakin da Alhaji ya laɓe, sai ta ɗaga murya har ta dushe: “Yana bayan ƙofa, 'yar nan, kada ki shiga!” Yarinyar ta ciji leɓe, ta shiga, don haka aka tsara. Inna ta tafa hannu ta waiwayi maƙwabciyarta. “Yaran yanzu ke nan. A gaya musu ba sa ji.”

A wurina ita ce ma'aunin ɗan wasa. Tiyatar ɗin Hausa a Nijar tun asali ba a rubuta shi kalma bayan kalma ba. A shirya ƙashin labari ne, kowa ya san inda za a dosa, maganar kuwa a bakin ɗan wasa take fitowa, shi ya sa akwai wurin Inna a ciki. Sabon shiga in ta jefo masa magana sai ya daburce ya manta inda yake. Gwani kuwa zai gyara zaman matashin kansa, ya juyo a hankali, ya ce, “Inna, ki ji tsoron Allah, buhu biyu ne.” Fili ya ɗauka, har mai piyano ya kifa kai a kan na'urarsa. Sai kuma a zo waƙar kai amarya, 'yan mata su jeru suna amshi, amarya a lulluɓe. Nan Inna ba ta cewa komai. Ta ja gefen mayafi ta goge ido, kuma ba mai tambayarta dalili, don rabin matan da ke kan tabarmun nan sun san shi.

Kusa da ita akwai wadda ba wasan ta zo gani ba, ɗanta ta zo gani. Ɗan ya fito a yaron gida, kuma maganarsa a duk daren ita ce ya shigo ya ce ana sallama da Alhaji. Uwar ta zo da ƙannenta da kishiya da 'ya'yan kishiya. Da ya leƙo ta rangaɗa guɗa har maganar tasa ta ɓace, sai da ya sake. Yana fita ta naɗe tabarma, ta tashi ayarinta, suka bi ta kan ƙafafun jama'a. A wurinta an gama.

Mai Liƙi shi ma da shirinsa ya zo. Tun la'asar ya canza jaka biyu zuwa takardun dala ɗari-ɗari, sababbi, ya jera su a aljihun gaba yadda bakinsu zai leƙo. Ba ya tashi a waƙar da kowa ke tashi. Sai ya jira wurin da ya fi tsit, jarumar tana tsakiyar kuka, sannan ya hau dakali da ƙamshin turare, ya manna mata takarda a goshi, ya juyo ya fuskanci jama'a, ya manna ta biyu. Gumi ya riƙe ta farko, ta biyu ta faɗi, ya sunkuya ya ɗauka ya sake mannawa, ta zama ta uku a idon na nesa. Yarinyar tana rera baƙin cikinta da kuɗi a ido ɗaya. Akwai ƙaninsa a sana'a, wanda ke manna jaka guda sannan ya tsuguna gaban faranti yana ɗibar canjinsa, yana ƙirgawa a fili.

Masu salula ba sai an daɗe a kansu ba, ko'ina akwai su. Hannu sama daga farko har ƙarshe, na bayansu yana kallon wasan ta gilashin wani. Guda ɗaya kawai nake ɗaga wa ƙafa, wanda ya kira wansa da ke Sabha ko wajen haƙar zinariya a Jado, ya ɗaga wayar saitin lasifika ya bar shi yana saurare har kuɗin ciki suka ƙare.

A can baya, jikin katanga inda haske bai kai ba, akwai Mai Tsaron Tarbiyya. Shi bai yarda da wannan abu ba ko kaɗan, kuma ya faɗa a majalisa da rana. Ya zo ne, in ji shi, don ya ga ɓarnar da idonsa, kada a ce da ji ya yi hukunci. Bara ma ya zo ya gani, bara waccan ma haka. Ya rufe baki da rawani, yana girgiza kai. In ka matsa kusa za ka ji abin da ke damunsa a yau.

“Subhanallahi. Ka ga lalacewar ta kai har waƙar ma ba su iya ta ba. Bara baiti huɗu ne, bana sun tsallake na uku.”

Akwai kuma Wanda Ya Ga Duniya, mai gilashi da gyale a wuya ko da zafi ake. Ya yi karatu a waje, kuma wasan Gure yana ba shi kunya a madadin kowa. Zai gaya maka cewa a Landan da Niyok in aka rage fitila ko tari ba a yi, cewa The Lion King tun 1997 ake yin sa a Broadway, cewa kuɗin tike ɗaya a can ya sayi rago a kasuwar Subdu. Zai kawo maka Bintou Wéré, wasan waƙa na Sahel da aka fara nunawa a Bamako a 2007 aka kai shi Paris a shekarar, don ka san mu ma in mun so muna iyawa. Duk gaskiya ne. Kuskurensa ɗaya, ya juya wajen tabarmun mata ya ce a yi shiru, a can ba a magana.

Inna ta dube shi sama da ƙasa. “Mutuwa aka yi musu?”

“A'a, Inna, girmama 'yan wasa ne.”

“To in kowa ya yi gum, yaya mugun zai san an ji haushinsa?”

Ya gyara gilashi, ya ce abin yana da bayani, amma bai kawo shi ba.

Mai ƙofa kuwa a daren wasa ya fi kowa dangi a Gure. Wannan ɗan gwaggonsa ne, wancan tare aka yi musu kaciya, wani kuma ganga ya ɗauko wa makaɗa, ga ta nan, kodayake ita ce gangar da ta shiga sau huɗu ta kan katanga ta dawo. Waɗanda ba su da dangi ko ganga su ne 'yan katanga, a jere, ƙafafu na reto. Su suka fi kowa ganin wasa, don suna hango gaba da bayan labule. Su ne ke sanar da jama'a cewa saurayin da ya ɓata a hamada yana can baya yana cin awara.

Sai wuta ta ɗauke. Ba kullum ba ne, amma in za ta ɗauke, tsakiyar waƙar da aka fi jira take zaɓa. Ihu ya tashi, fitilun salula su kunnu, 'yan katanga su diro ciki a guje, mai ƙofa ya kama ɗaya ya ga ɗan ƙanwarsa ne na gaskiya. Nan take wani sabon jinsi ke bayyana, Masana Injin. Mutum goma sun kewaye injin wuta, ɗaya ya ce buji ne, ɗaya ya ce rairayi ya shiga, wani ya ce a karkata shi, wani ya ja igiya har ta tsinke. Mai injin yana gefe yana ta faɗin cewa mai ne ya ƙare, ba mai saurarensa, don amsar ta yi sauƙi da yawa. Kafin a aiki kabu-kabu ya sayo mai a kwalba, wani ya ɗauko gangar nan mai yawan shiga da fita, mai algaita ya kumbura kumatu, 'yan mata suka ci gaba da amshi da bakinsu. Tsohon Ɗan Samariya ya miƙe tsaye a kan benci yana nuna duhu da yatsa. “Na gaya muku! Na gaya muku!” Da wuta ta dawo sai aka gan shi a tsakiyar layin 'yan rawa yana gyara wa na uku ƙafa.

Duk wannan bai ta da Mai Barci ba. Ya biya kuɗinsa cif, ya sami benci mai jingina, ya tafi tun jawabin Barbarci. Tafin ƙarshe ne ya farkar da shi, ya taya da ƙarfi. Gobe a fada, ana zuba shayi na biyu, shi zai ba da cikakken hukunci: farkon ya yi kyau, tsakiyar ta ja da yawa, kuma shi da shi ne da bai bar yarinyar ta auri Alhaji ba. A ce masa ai ba ta zauna ba, saurayin ya dawo da mota. Ya ce to, ai abin da yake faɗa ke nan.

Wanda ke biyan bashin daren shi ne mai faci. Da safe ya wanke ƙaron gemu, ya koma rumfarsa a bakin tasha, ga Inna za ta kasuwa. Ya ajiye famfo ya rusuna.

“Ina kwana, Inna?”

Ta wuce kamar da iska yake. Ya bi ta da sauri.

“Haba Inna, ai a ƙarshe na sake ta.”

“Ka sake ta,” in ji Inna, ba ta ko waiwayo ba. “Amma ka aika an karɓo maka buhunanka. Duka biyun.”